Saƙon Gwaggo da Ƙarfen da Ya Yi Sanyi a Jidda

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa ba. A ɗakin hutun malamai, a ƙofar masallaci, har a gidan mai, tambayar guda ce: "Malam Habu, yaya Jidda? Ina tsarabarmu?" In na ce lafiya lau, a ce ina rowar labari. In na yi shiru, a ce na je ƙasar Larabawa na koyo girman kai. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Amma ina faɗa muku tun yanzu, ba labarin daɗi ba ne, kuma har yau raina a ɓace yake.

Ba ibada ta kai ni ba, aiki ne, kuma sai kun fahimci aikin za ku gane abin da ke ci mini rai. Akwai injin da ake kira riyakta, wanda ake fasa ƙarfen yuraniyom a cikinsa a sami zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya ba da lantarki. Matsalarsa ita ce in an kashe shi ba ya mutuwa nan take. Duk wadda ta taɓa girki ta san janye itace daga murhu ba shi ke sa toka ta yi sanyi ba. Ɓarɓashin da ya rage bayan an fasa ƙarfen yana ci gaba da zubar da ƙarfinsa a hankali, yana ba da zafi kwana da kwanaki. In ba a san yawan wannan ragowar zafi ba, ba a san yawan ruwan da za a ci gaba da ba injin ba, kuma in ruwan ya gaza, cikinsa narkewa zai yi. Masana sun yi lissafi a takarda, na wannan bai dace da na wancan ba. Saura a auna.

Shekara uku na yi a ɗakin bayan sashenmu ina ƙera ma'aunin da zai ji zafin da tafin hannu ba zai ji ba. Kofuna biyu ne na tagulla, da wayoyi sirara kamar gashi, cikin randar gilashi, sai allura mai nuna abin da aka samu. Abin aunawar ne ba ni da shi, don ƙasarmu ba ta da riyakta. Sai ga saƙo daga Dakta Usman, wanda muka yi karatu tare a Ingila. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa daga Sakkwato suka taso, yanzu yana koyarwa a wata kwaleji a Jidda, inda ake tunanin ko irin wannan inji zai iya mayar musu da ruwan teku ruwan sha. Ya ce ya shekara yana roƙo, an yarda a sa masa ɗan guntun yuraniyom, bai fi ƙwayar wake ba, cikin wani riyaktan bincike a wata ƙasa, a fito da shi a aiko ta jirgin sama. Shi yana da na'urar ƙirga hasken da ƙarfen ke fitarwa, ni ina da ma'aunin zafi. In muka haɗa biyun, mun yi abin da za a ji sunanmu.

Sharaɗin guda ne: ƙarfen ba ya jiran kowa. Abin da ka auna yau, jibi ba ka samun kamarsa. Ma'aunina kuma yana da iyaka, in ƙarfen ya yi sanyi ya wuce ta, allura ba za ta gaya mini komai ba. Kuma guntu ɗaya ne, ba za a sake ba mu wani ba.

Daga Zariya zuwa Kano a motar sashe na tafi, akwatin ma'aunin a kan katifa, ni a gefensa na rungume shi, ina yi wa direba faɗa a kan kowane rami. Kafin nan na riga na ɓata da rabin unguwarmu. Kun san halinmu, da an ji mutum zai yi Gabas ya zama jakin kowa. Wannan ya kawo kilishi a kai wa ƙaninsa a Makka, waccan ta kawo man shanu a kai wa 'yarta a Madina, ba wanda ya tambaya ko Madina na kan hanyarka. Duk na ƙi. Na ce aiki zan je, kuma na ji daɗin kaina da na iya cewa a'a.

A Fagge na sauka, gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta yaye ni. Da safe ina ɗaure takalmi ta fito da wani ƙunshi an ɗinke shi cikin tsohuwar atamfa, warin daddawa na gaba yana biye.

"Ka kai wa Dije," ta ce. "Ƙawata ce tun muna 'yan mata. Tana Bab Makka a Jidda, kowa ya san ta, mai ƙosai."

"Gwaggo, na hana kowa fa. Mene ne ma a ciki?"

"Daddawa ce da kuka, sai garin maganin sanyin ƙashi, gwiwa ta dame ta. Yau ni kake tuhuma kamar ɗan sanda? Da nake goya ka, na taɓa tambayar nauyinka?"

Ku faɗa mini wanda zai amsa wannan. Na karɓa.

A filin jirgi ma'aikacin awon kaya ya haɗa akwatin ma'auni da jakata da ƙunshin Gwaggo a takarda guda, ya ce hakan ya fi sauƙi. Jirgin da aka ce na safe bai tashi ba sai washegari, kuma ba wanda ya ga ya kamata ya ba mu haƙuri. Mun yada zango a Khartum, aka hana mu sauka, aka kashe iska, muka zauna muna dahuwa. Wani dattijo a gefena ya fito da buta zai yi alwala a tsakiyar jirgi, ma'aikaciyar jirgin ta zo tana ta ihu da Turanci, shi yana kallonta yana ci gaba da shafar kai. Ni aka kira tafinta, ni kuma duka biyun suka zaga.

Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu ƙuna ne, nasu jiƙaƙƙen bargo ne aka lulluɓa maka. Kafin na kai teburin masu binciken kaya rigata ta manne a bayana. Jami'in da na faɗa hannunsa dogo ne mai ɗan gemu, ba ya gaggawa, ba ya murmushi. Ya buɗe akwatin, ya ga wayoyi da tagulla, ya ɗaga gira. Na nuna masa takardar gayyata ta kwaleji, na haɗa Larabcin makarantar allo da Turanci na yi bayani. Ya gamsu. Har ya ɗauki allinsa zai yi alamar wucewa, sai hancinsa ya kai shi ga ƙunshin.

Ya sa wuƙa ya farke ɗinkin Gwaggo. Daddawa ta tarwatse a kan tebur. Turawan da ke bayana a layi suka ja da baya suna toshe hanci. Ya zaro wani gwangwani, ya buɗe, ga gari ruwan toka.

"Esh hada?" Wato mene ne wannan.

"Magani ne."

"Haggak?" Naka ne?

Na gaji, na ji kunyar warin, ga ni da kwat da takardar shaidar digiri. Sai na ce, "Ba nawa ba ne. Saƙo ne aka ba ni."

Magana zarar bunu. Ya ajiye allin. Ya ce tunda ba nawa ba ne, ban san abin da ke ciki ba, tunda kuma ban sani ba, sai mai shi ya zo da iƙamarsa, takardar izinin zama, ya karɓa da hannunsa. In ba haka ba, a aika garin ɗakin gwaji a jira sakamako. Kafin nan duk kayan da ke kan wannan takarda suna ɗakin ajiya. Na ce to nawa ne, na fasa. Ya ce ɗazu na ce ba nawa ba ne. Na ce a zubar, a ƙona, ba na so. Ya dube ni ya ce mutumin da ke roƙon a ƙona kaya shi ya fi sa shi son sanin abin da ke ciki. Ina gani aka tura akwatin ma'aunina a baro, jakar tufafina kawai aka tausaya aka ba ni.

Usman na jirana a waje. Ya rungume ni, ya sumbaci kumatuna dama da hagu, al'adar da har na baro garin ban saba da ita ba. Da na gaya masa abin da ya faru sai ya yi dariya.

"Ya zol, mutumina, kada ka damu. Bukra za mu karɓo. Ƙarfen ma bai iso ba."

Bukra ita ce gobe, kuma ita ce kalmar da na fi tsana a duniya yanzu. A ranar kuma ofishin shugaban kwalejin, wanda suke kira mudir, ya karɓe fasfona. Na ce me ya sa? Usman ya ce mudir ne kafilina, wato uban gidan da ya tsaya mini, kuma a nan baƙo ba ya riƙe fasfonsa. A garinmu in ka yi baƙo, tabarma kake ba shi da ruwa. A can takardunsa ake fara karɓewa. Na ce to tunda ya tsaya mini, ya tsaya wa akwatina. Aka ce ai ya tafi garin Ɗa'if shan iska, sai ya dawo.

A unguwar Bagdadiyya aka sauke ni, gidan baƙi na wani Bayamane. Na'urar sanyaya ɗakin tana ruri kamar tirela tana ɗigar ruwa a kan gado. Abinci kam ba zan yi musu ƙarya ba. Da safe wake ne dafaffe da man zaitun, suna ce masa ful, da wata faffaɗar gurasa mai zafi. Da rana shinkafa da naman rago a faranti guda, a zauna a ƙasa a ci da hannu kamar a gida. Gahawarsu ce ta ba ni wahala: ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci, kuma in ba ka girgiza kofin ba mai zubawa ba zai daina ba. Ba wanda ya gaya mini, sai da na sha har hannuna ya fara rawa da kansa.

Kullum da safe ina bakin tagar jami'in nan. A can ana rufe komai lokacin salla, kuma wannan ban ga laifinsa ba, da ma mu ma haka muke. Abin da na ga laifinsa shi ne tagar da ake rufewa tun ladan bai yi alwala ba, a buɗe ta bayan liman ya kai gida ya ci abinci. Amsar dai ba ta canzawa: ina mai kayan?

Na ce abu mai sauƙi, bari in nemo ta. Direban kwalejin, Bakur, shi ya kai ni. Magidanci ne, a Jidda aka haife shi, kakansa mutumin Haɗeja ne da ya zo Hajji bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma ya fi ji a kan mayarwa. Muka kutsa kasuwar Bab Makka, tsakanin masu yadi da masu dabino, har wani lungu inda na ji ƙamshin da na sani. Ga ta nan a jikin bango a kan 'yar kujera, ƙafafu a kumbure ta miƙe su, tana juya ƙosai a kasko.

"Ya Hajja," in ji Bakur, "ga daif, baƙo daga Kano. Ɗan Asabe."

Ta saki matsamin. Ta kama hannuna da nata mai maiƙo ta ƙi saki. Hausarta ta Kano ce tsantsa, irin wadda na daina ji tun rasuwar kakata. Ta tambaye ni Asabe, ta tambaye ni mutanen da aka binne tun ina firamare, ta tambaye ni ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata. Ta ce da ƙafa suka zo ita da mijinta, suna tafe suna noma a gonakin Sudan, har suka sami kwale-kwalen da ya tsallako da su. Shekara talatin ke nan ko fiye. Ni kuwa ina amsawa ina duba agogo. Na buɗe baki zan ce ta tashi mu je, sai Bakur ya taka mini ƙafa ya ja ni gefe.

"Ya Duktur, isma. Kada ka faɗa mata. Ba ta da iƙama."

"Kamar yaya ba ta da iƙama? Shekara talatin?"

"Lokacin da suka zo mafi takarda, babu ita sam. Ba'aden, daga baya, mijinta ya samu, ya mutu, takarda ta mutu ma'ahu. In ka kai sunanta wajen jami'i, halas. Tarhil. A sa ta a jirgi a mayar da ita Najeriya." Ya nuna gabas da haɓarsa. "Mijinta da 'ya'yanta biyu suna maƙabarta can. Kullum Juma'a tana zuwa bakin katanga."

Na koma na ce mata saƙon Gwaggo yana hanya, kaya ne suka makara. Ta ce ba komai, abin da ya taso daga Kano ai ya iso. Ta ƙunsa mini ƙosai da yaji a takarda, ta hana ni biya. Na ci a mota, kuma ina faɗa muku haushinta nake ji ina ci. Mutum ya zauna shekara talatin a ƙasar mutane ba takarda, sai aikina ne zai biya?

Ana nan ƙarfen ya iso, a ranar da aka yi alkawari, don shi an shirya masa takardunsa tun da wuri. Cikin tukunyar dalma aka kawo shi, mutum biyu na ɗauke da ita. Usman ya kunna na'urarsa, wadda ke yin ƙas duk lokacin da haske ya buge ta. A ranar farko ba ka jin ƙas ɗin ɗaya ɗaya, sai yuuu, kamar ruwan sama a kan kwano. Na tsaya ina ji, ga teburin da aka share wa ma'aunina a gefe ba komai a kai.

Daga nan kwanakin suka zama iri ɗaya. Safe ina taga, rana ina ɗakin gwaji ina jin ƙarar tana raguwa. Ga hutun makonsu Alhamis da Juma'a ne, ya faɗo a tsakiya, ƙarfen kuwa bai san hutu ba. An buga wa mudir waya Ɗa'if, aka ce yana barci, aka sake bugawa, aka ce ya fita. Na je ɗakin gwajin da aka ce an aika garin, suka ce bai iso ba tukuna.

Ran da ƙarar ta koma ana iya bin ta da kunne, Usman ya rufe ƙofa ya ce, "Habu, ka faɗi sunanta."

"Ka san abin da zai biyo baya."

"Ba lalle ba ne. Tsohuwa ce, wataƙila su yi mata faɗa su ƙyale ta."

"Wataƙila. Kai ka yarda da wataƙilar nan?"

"Na shekara ina roƙon wannan ƙarfe!" Ya buga tebur. "Na sa sunana, na ce ina da aboki a Najeriya da ya ƙera abin da ba su da shi. Kwantiragina bana zai ƙare. Ka zo mini da daddawa!"

Na ce kakansa ma da ƙafa ya bi hanyar nan, in da a kan takarda ake zama da ba a haife shi a inda aka haife shi ba. Ya ce kada in kawo masa kakansa, ai ni na ce wa jami'i kayan ba nawa ba ne. Wannan ta same ni, don gaskiya ce. Muka rabu ba sallama.

Kada ku ɗauka ni waliyyi ne. Washegari na je tagar da sunan a bakina. Jami'in ya ɗago ya ce, "Ka tuna mai kayan?" Na tsaya har na bayana suka fara tsaki. Sannan na ce ban tuna ba. Na fito ina zagin Gwaggo a zuci, da Dije, da ma'aikacin Kano mai takarda guda, da wanda ya fara ƙirƙiro ba matafiyi saƙo.

Kwatsam wata safiya aka yi waya kwaleji, aka ce a zo a ɗauki akwati. Ban tambayi dalili ba. Bakur ba ya nan, tasi na ɗauka. Jami'in ya buga hatimi bai ko dube ni ba. Na dawo, Usman ya cire rigarsa ta sama ya kama mini, ba wanda ya ta da maganar faɗan. Ba abin da ya fashe. Amma ma'aunin ba a dasa shi a auna nan take, sai an bar shi ya zauna zafin jikinsa ya daidaita da na ɗakin, kuma wannan ya ci mana wani yinin. Sannan muka ɗauko ƙarfen da dogon awartaki muka sa a kofin tagulla, muka rufe, muka zuba wa allura ido.

Ta motsa. Kaurin gashi ɗaya ta motsa. Sai na'urar sanyaya ɗakin ta tashi, allurar ta yi irin wannan motsin da kanta. Muka kashe na'urar, muka cire ƙarfen, muka mayar, muka sake. Ba yadda za a yi mutum mai tsoron Allah ya rantse cewa abin da ya gani zafin ƙarfe ne ba numfashin ɗaki ba. Na'urar Usman na gefe tana ƙas, ta yi shiru, ta sake ƙas. Ƙarfen na nan da sauran rai, amma ya yi nisan da ma'aunina ba zai kamo shi ba. Usman ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Shekaruna uku ke nan, da shekararsa guda.

A haka Bakur ya shigo ya same mu. Ban taɓa ganinsa ba hula ba sai ran nan.

"Ya Duktur, sun kama Hajja."

Ashe ya ba matarsa labari, matar ta faɗa a gidan suna, maganar ta zaga har bakin kasko. Hajiya Dije ta ji cewa ɗan Asabe zai yi asarar aikinsa saboda maganin gwiwarta. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kashe wuta, ta yafa mayafi, ta hau tasi har wajen jami'in, ta ce ita ce mai saƙo. Da ya nuna mata gwangwanin, ta ɗebi garin ta watsa a baki a gabansa. Bakur ya ce har dariya jami'in ya yi, ya sa hannu a saki kaya. Sannan ya ce ta kawo iƙama.

Abin da na faɗa wa Bakur a ɗakin nan ba zai rubutu ba. Mudir ya dawo daga Ɗa'if ya yi fes, ya ce me ya sa ba a gaya masa ba, ai akwati waya ɗaya ce. Na ce to ga wata wayar, a saki tsohuwa. Ya ce wannan kuma ta fi ƙarfinsa, sunanta ya riga ya shiga. Iyakar abin da ya yi shi ne a fito da ita daga gidan da ake tara waɗanda za a kora, a sa ta a jirgin da zan hau, kada ta yi watanni tana jira. Ya miƙo mini fasfona yana jiran godiya. An ba ta awa kaɗan ta haɗa kaya, da ɗan sanda a bakin ƙofa. Maƙabarta ba a bar ta ta je ba.

Na ba ta kujerar taga. Ba ta taɓa shiga jirgi ba, ni na ɗaura mata bel. Da muka tashi ta manna goshi a gilashi tana kallon garin har ya ɓace, ruwa ya maye gurbinsa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce tekun da suka yi kwanaki suna tsallakawa ke nan? Na ce shi ne. Ta jinjina kai. Aka kawo abinci ba ta taɓa ba. Mun yi nisa cikin Sudan kafin ta juyo ta dafa hannuna.

"Ɗan nan, aikin dai ya yi ko?"

Ni malamin kimiyya ne. Abin da na ƙi yi a ɗakin gwaji ke nan, in ce na ga abin da ban gani ba. Na dubi ƙafafunta da suka ƙi shiga takalmi.

"Ya yi, Hajiya."

"To alhamdu lillahi," ta ce, ta gyara zama. "Da ma tsorona a ce na je a makare."

Tana Fagge yanzu, ɗaki ɗaya da Gwaggo, kuma duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta gaya masa da ita aka yi aikin nukiliya a Jidda. Kun matsa sai kun ji, ga shi kun ji. Wanda duk ya karanta wannan, in hanya ta bi da shi ta gidan, ya gaishe ta ya riƙe bakinsa.